Amsoshin Tambayoyinku: Zafin Gida da Kuɗin Kuran

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya a Maraɗi ta rubuto: "Malam, maigidana ya yi tafiya, ni da yara uku za mu koma gidan haya, ƙaramin ko yaye shi ban yi ba. Ɗiyar yayata da ke Faransa ta ce can ana ba gida maki kafin a shiga. Ni ta yaya zan gane gidan da ba zai gasa mini yara ba? Tunanin ya hana ni barci."

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, abin bai kai ga rashin barci ba. Ɗiyar taki ta faɗi gaskiya: tun 2006 mai sayar da gida a Faransa sai ya nuna takardar da ta jera gidan tsakanin A da G gwargwadon makamashin da yake ci, daga baya aka haɗa da masu ba da haya. Amma yawancin lissafinsu na ɗumama ɗaki ne lokacin sanyi. Nan Maraɗi dillali ba zai miƙo miki takarda ba, ke ce za ki ba gidan maki da kanki.

Kada ki yarda a kai ki da safe, kowane gida aljanna ne da ƙarfe takwas. Ki je tsakanin azahar da la'asar, ki shiga ɗakin kwana, ki ɗora tafin hannu a bangon yamma. Ki ɗaga kai: akwai silin? In akwai, ki fita waje ki duba ko an bar ramukan iska tsakaninsa da tol, wato kwanon rufi, don zafin da ya taru can yana bukatar mafita. Ki duba ko tagogi suna kallon juna. A watan Afrilu ba za ki ga amfaninsu sosai ba, amma in damina ta zauna, iska ta yi nauyi, zuffa ta ƙi bushewa a jiki, ɗakin da iska ba ta ratsawa ba ya kwantuwa. In da hali ki koma bayan isha ki ji ko bango yana ta huci. Ki kuma nemi ganin takardar kuran, wato kuɗin lantarki, ta wanda ya tashi daga gidan, ta Afrilu ko Mayu. Tsohon gidan laka mai kaurin bango da bishiyar dogon yaro a tsakar gida ya fi mini sabon ginin siminti mai tol tsirara, muddin kin tabbatar ba ya yoyo kuma indararonsa lafiya. Allah Ya raya yaran, Ya dawo da maigida lafiya.

Wani Alhaji mai gini a unguwar Ali Ɗan Sofo yana tambaya wane launin gilashi ya fi kyau, don yana son gaban gidan duka gilashi, yana kallon yamma, irin na Dubai.

Alhaji, launi ba shi ne damuwarka ba. Ranar la'asar za ta shiga falonka kai tsaye, kuma gilashi yana shigar da zafi ya hana shi fita. Ka rage tagogin yamma, ka yi musu baranda mai faɗi, manyan tagogi ka kai su kudu da arewa.

Wani malamin makaranta daga Tibiri ya ce ya ga kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kasuwa da takardar A+++ mai nuna ƙarancin shan wuta manne a gabansa, kuɗinsa kusan rabin na babban kanti. Ya saya?

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan takarda mai launin kore da ja ta daɗe tana ci mini rai. Mutum ya tara albashin wata da watanni, ya je ya miƙa saboda ɗan abin da kowa zai iya bugawa ya liƙa. Takardar gaskiya tana ɗauke da sunan kamfani da lambar samfurin, kuma dole lambar ta yi daidai da wadda ke kan ɗan allon da ke gefen injin. In ba su yi daidai ba, ka yi sallama. Ga masu neman firigo ma: tun watan Maris na 2021 Turai ta daina A+++ a kansa, ta koma A zuwa G. Wanda ya ce maka sabon shigowa ne alhali A+++ ke jikinsa, ko tsohon ajiya ne ko jabu.

Ko takardar ta gaskiya ce, da yanayin Turai aka auna ta. Abin da ya shafe mu yana kan ɗan allon nan da ba wanda ke sunkuyawa ya karanta. Kilim mai alamar T1 an yi shi don zafin da bai wuce digiri 43 ba, mai T3 yana jurewa har 52. Mu nan a Afrilu da Mayu ana wuce 40 a inuwa, balle injin waje da aka kafe a bangon da rana ke duka. Haka firigo: mai alamar N iyakarsa digiri 32, ST 38, T kuwa 43. Na hannu da ake saukewa daga Turai da yawansu an ƙera su don ƙasashen sanyi, shi ya sa za ka ji injin yana gurnani dare da rana, ruwa bai yi sanyin kirki ba, kontar wuta kuwa tana gudu. Sai mai gida ya yi ta zargin yara da barin ƙwan fitila a kunne. Araha ba ta ado, kuma wannan arahar kowane ƙarshen wata za ka sake biyan ta.

Ka yi lissafi kafin ka fita daga gida. Kilim na kirki mai BTU 12,000 (ma'aunin ƙarfin sanyayawa ke nan) yana jan wat 1,000 zuwa 1,200. In ya yi awa 8 injin bai huta ba, ka sha kusan kilowat-awa 9. Fankar sama mai wat 70 a wannan lokacin ɗan fiye da rabin kilowat-awa kawai take ci. Kuma abin da ya fi ba ni haushi: ɗakin da za a saka kilim ɗin sau da yawa ba shi da silin, ƙarƙashin ƙofa ana ganin hasken waje, amma an kashe kuɗi a karo na daɓen ƙasa da kuma ƙofar gida mai ado. Malam, fara da silin, ka shafa wa tol farin fenti, ka toshe kafofi, ka yi rumfa a yamma. Bayan haka, in har yanzu kana so, ka sayi mai T3 a wurin da za a rubuta maka garanti da lambar injin, ka ajiye shi a 25 ko 26 tare da fanka. Masu kai shi 16 suna lulluɓa da bargo, wannan almubazzaranci ne.

Wata uwargida daga Bagalam ta ce na'urar sanyinta mai shan ruwa, wadda 'yan kasuwa ke ce wa umidifikatar, ta yi aiki sosai da bazara, amma bara da damina ta faɗi sai ɗaki ya riƙa yin danshi. Ta lalace ne?

Lafiyarta lau, Hajiya, kada ki ba mai gyara ko dala. Yadda randa ke sanyaya ruwa haka take aiki: sai busasshiyar iska ta kwashe danshi sannan sanyi ya samu. Da damina iskar ta riga ta ƙoshi da laima, ƙarin ruwa ƙarin zuffa ne. Daga Yuli zuwa Satumba ki zubar da ruwan, ki bar fankarta kaɗai. Da bazara ki bar taga ɗaya a buɗe, ki riƙa wanke tankin duk mako saboda sauro.

Wani saurayi daga Madarumfa yana tambaya ko pano ɗaya na hasken rana da batir ɗaya za su riƙe masa kilim har asuba, don mai kanti ya rantse masa.

Ɗana, ba za su riƙe ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 duk abin da ya ƙunsa kilowat-awa 2.4 ne, kuma in na dalma ne rabi kawai ya kamata ka ja. Ka sayi fanka mai aiki da batir. Panon ma ka sa a gwada maka shi da mita a tsakiyar rana kafin ka biya, don wat ɗin da ake rubutawa a bayan wasu ya ninka abin da suke bayarwa.