Ku Tambaya Mu Amsa: keke da trotinet cikin jirgin ƙasa

Tambaya: Salamu alaikum Malam, da fatan iyali lahiya. Ni uwa ce daga Tawa, ɗana na fari ya samu burs zai tahi karatu Lyon can Faransa, to ɗakin da ya samu wai wajen gari ne sai ya shiga jirgin ƙasa kullum, kuma daga gida zuwa gar ɗin, wato tashar jirgin, ma akwai 'yar tahiya. Kawunshi ya saya mai trotinet mai batir, ɗan abin hawan nan mai taya biyu da ake hawa a tsaye, a Yamai, yaron ya kahe sai ya tahi da ita, ni ko ina ganin keke ya fi. Don Allah ana barin mutum ya shiga jirgi da irin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, barka da arziki, Allah ya sa ya gama lafiya. To tun kafin a zo maganar jirgin ƙasa, trotinet ɗin nan ba za ta wuce filin jirgin Diori Hamani ba. Dokar jiragen sama ita ce batirin litiyom da ya wuce 160 Wh, wato ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka, ba ya shiga kayan fasinja, ko a hannu ko a cikin jaka, kuma yawancin batiran trotinet sun wuce haka nesa ba kusa ba. A duba jikin batirin an rubuta. Ni dai shawarata a bar ma ƙannensa ita ko a sayar a ba shi kuɗin, kawu ya yi haƙuri, niyyarsa ta isa.

In ya sauka can kuma, abin ya danganta da irin jirgin. Wanda zai riƙa shiga kullum daga ƙananan garuruwa zuwa Lyon shi ake ce ma TER, galibi keke kyauta ne a ciki, akwai tarago mai hoton keke a jikin ƙofa, ciki akwai ƙugiya da ake rataye shi ta tayar gaba. Amma fa wurin kaɗan ne, in ya cika ya cika, kwantrola na iya cewa ka jira na baya, kuma wasu yankunan lokacin hutun zafi sai ka kama wuri tun kafin ka zo. Ba irin tashar mu ba ce da kamasho zai ɗaure babur bisa buhunan albasar Galmi ya ce Allah ya kiyaye hanya, can in keke ya tare ƙofa ko hanyar wucewa magana ce.

TGV mai gudun nan na zuwa Paris shi kam da tsada da ƙa'ida. Keke a tsaye yadda yake sai a wasu jiragen kawai, kuma sai ka biya Yuro 10 lokacin sayen tike, wajen jika shida da rabi kenan a kuɗinmu. In ba ka so ka biya sai ka kwance tayoyi ka sa shi cikin jakarsa wadda ba ta wuce santimita 130 da 90 ba, sai ya zama kaya kamar sauran. A Paris ɗin kuwa RER, jirgin da ke haɗa birnin da kewayensa, na karɓar keke amma ban da lokacin cunkoson safe da na yamma ranakun aiki, metro kuma kusan a ce babu.

Trotinet a jiragen Faransa ana shiga da ita in an naɗe ta, amma ni abin da ke sa ni ɗari-ɗari da ita batirin ne. In ya bugu ko an yi masa caji da cajar da ba tasa ba yana iya kamawa da wuta nan take, da hayaƙi mai guba, ga tarago a rufe. Saboda haka ne Landan ta hana su a metro da bas tun Disamba 2021, Basalona ta bi a 2023 bayan wata ta fashe cikin jirgi, kamfanin jirgin ƙasa na Sifen, Renfe, ma ya hana a ƙarshen shekarar. Wato ranar da yaro zai ce zai leƙa aboki a Sifen, a bakin ƙofa za a tsayar da shi. Sannan ko a titin Faransa tana da nata kaya, dole sai da asirans, ba a wuce kilomita 25 a awa, ba a goyo, hawa kan hanyar masu ƙafa kuma tara ce ta Yuro 135. Yaranmu da suka saba da goyo uku a kabu-kabu sai an ja musu kunne kan wannan.

Don haka Hajiya kin fi shi gaskiya. Ya sayi keke na hannu idan ya isa, in ya samu mai naɗewa ya fi don shi ko'ina kaya ne, in bai samu ba ya sayi kwaɗo mai kauri irin na ƙarfe ya riƙa ɗaure shi a gar, ya ɗaure jikin keken ba taya kaɗai ba, don ɓarayin keke can ma ba su barci.

Tambaya: Malam mu fa na gida, yaushe za mu sa kekunanmu a jirgin Doso? Daga wani ɗalibi a Yamai.

Amsa: Ɗana kai ma ka san amsar, tsokana ce. An buɗe gar ɗin Yamai a 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layin wajen kilomita 140 har Doso aka yi buki a 2016, amma ba a haɗe shi da na Benin da ya tsaya a Paraku ba, jigilar fasinja kuma ba ta kankama ba. Yanzu dai bas ne. In keke ne ka je tasha da wuri ku daidaita kuɗin kaya a ba ka rasit, ka cire feda ka juya kan ya kwanta. In babur ne ka tsiyaye mai tukuna, takardunsa kuma su zauna a aljihunka don za a tambaye su a hanya.