Amsa ga Ɗana Game da Wasan Gudu da Tsalle da Yake Shiryawa

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso gare ni. Ka ce aikin da za ka gabatar a ƙarshen karatunka wasan kwamfuta ne irin na gudu da tsalle, inda wani yaro zai riƙa sheƙa gudu a cikin birnin Kano yana haura katangu, yana bin rufin soraye, yana tsallake duk wanda ya tare masa hanya, kuma kana tambaya ko al'ada ta yarda da haka. Na yi murmushi da farko, domin ban taɓa zaton za a nemi hukuncin yaron da ke cikin waya a wurina ba, amma da na tuna cewa ƙannenka ne za su wuni riƙe da wannan waya suna sarrafa shi, sai na ga maganar ta fi ƙarfin murmushi.

Mu dai mun tashi an hana mu tsallake mutum. Idan ka tsallake yaro yana kwance, iyaye mata za su ce ka hana shi girma, kuma dole ka sake tsallakowa baya domin ka warware abin da ka yi. Malamai sun ce camfi ne, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai kakarmu takan ce wanda ya saba ɗaga ƙafa a kan ɗan'uwansa yana ƙarami, ba zai ji nauyin ɗaga murya a kan babba ba idan ya girma. Tarbiyya ce aka lulluɓe da tsoratarwa.

Tambayarka ta tuna mini da langa, wadda ita ce wasan gudu da tsalle namu. Kowa zai kama ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya ya riƙa tsalle da ɗayar, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare yana da ruwa, wato wanda ake so ya kai wurin sha, sauran kuma dawakai ne masu ba shi kariya. Wani dare da kaka, an gama kai amfanin gona rumbu, ga farin wata tar kamar rana, muka kara da yaran unguwar maƙera. Ruwansu wani dogo ne da babu mai kamo shi a garin, namu kuwa siriri ne, ba shi da wani gudu na a zo a gani. Kafin a fara, babbanmu ya tsuguna ya ɗauki kara ya zana dandalin a ƙasa, ya nuna wanda zai tare dama, da wanda zai ja hankalinsu hagu, da inda yashi ya yi zurfi wanda ƙafa ɗaya ba ta iya ratsawa. Su kuwa suna gefe suna yi mana dariya.

Da aka tashi, dogon nan ya zabura shi kaɗai ya bar dawakansa a baya, ya faɗa cikin yashin, ɗaya daga cikinmu ya sa masa kafaɗa, ya saki ƙafa. Da juyi ya zo kanmu, ruwanmu ya lallaɓa a bayan dawakai har muka buɗe masa hanya ta bakin dandali. A nan akwai wani tsoho mai sayar da rake, zaune a kan buzu ya miƙe ƙafafunsa, kuma hanya mafi kusa zuwa wurin sha ta kan ƙafafun nan ta bi. Biyu daga cikin maƙera suna bayan ruwanmu suna haki, mu kuma muna ihu ya yi sauri. Yaron nan ya karkata, ya zagaye tsohon a kan ƙafa ɗaya, hannun mai binsa ya shafi rigarsa, ya yi tangal-tangal amma bai saki ƙafa ba, ya kai ya sha. Tsohon ya miƙa masa rake guda bai karɓi ko kobo ba. Da labari ya kai wa mahaifinmu washegari, game da dogon ya ce sauri kan haifi nawa, game da namu kuwa ya ce a riƙa tafiya da shi duk inda za a je.

Yanzu dandalin nan an gina shaguna a kansa, yara kuma kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, ba su san ma lokacin da wata ya yi fari ba. Wannan yana damuna ƙwarai, shi ya sa nake so aikinka ya yi kyau, tun da a can yaran suka koma.

A saƙonka ka rubuta cewa mutanen kamfanin Nintendo na Japan da suka fitar da wasan gudu da tsalle mai suna Super Mario Bros. a 1985 sun fara zana kowane mataki a kan takarda mai ƙananan gidaje kafin a shigar da shi cikin na'ura. Ai abin da babbanmu ya yi da kara ke nan, kuma magina sun daɗe da cewa tun ran gini ran zane. Kada ka yi gaggawar zama gaban kwamfuta. Ka fara yanke tsawon tsallen yaronka da nisansa, da abin da zai kayar da shi, da inda wurin shansa yake, sannan ka auna kowane rami da wannan tsallen domin kada mai wasa ya faɗi a inda laifin ba nasa ba ne. Abin tsallakewa kuwa bai yi wa Kano kaɗan ba: ga ramukan marina na Ƙofar Mata, ga lungunan Kasuwar Kurmi da kayan 'yan koli, ga kududdufai da kwatoci, ga hawan Dutsen Dala da zai dace da matakin ƙarshe. Mutanen da ke zaune a hanya kuma ka bar su a ciki, amma ka tsara cewa wanda ya tsallake su zai yi asarar maki, wanda ya zagaye zai yi asarar lokaci. A ganina zaɓin nan da mai wasa zai yi cikin ƙiftawar ido zai ƙara wa wasan daɗi, domin shi ne ya sa muke ihu a daren nan.

Batun katanga da rufin soro ya fi wuya, kuma ban gama auna shi ba. A saninmu ɓarawo ne yake haura katanga, kuma ko magini zai hau sama ya gyara indararo ko zanko kafin damina, sai ya ɗaga murya ya sanar da maƙwabta domin matan gida su kimtsa. Wataƙila ka mai da yaronka ɗan aiken magini, wataƙila kuma ka tsaya a kan ganuwa da rumfunan kasuwa inda babu sirrin kowa. Idan ka zo hutu ka taho da takardun zanenka mu baje su a zaure, kuma ka fara ba ƙannenka matakin farko su gwada ba tare da ka yi musu bayani ba, ka zauna gefe ka lura da wurin da suke yawan faɗuwa. Ka gaida malamanka da abokan karatunka.