Kafin ka sayi gida da gona a ƙauye

Ka tambaya ko ya dace ka sayi gida da gona a ƙaramin ƙauyen manoma, da kuma yadda zirga-zirga take. A ganina, kada ka yanke shawara sai ka ziyarci wurin a tsakiyar damina, domin hanyar da mota ke bi cikin sauƙi da rani tana iya yankewa na kwanaki idan rafi ya cika. Fili yakan yi araha, amma sayar da shi daga baya yana ɗaukar lokaci. Ka tabbatar da iyakokin gonar a gaban maƙwabta, sannan ka bincika ko gado ce da ba a raba ba, don a nan rigima ta fi tasowa.