Ku Tambaya Mu Amsa: Dila ya addabe mu, in ɗauki bindiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya iyali. Ni dai muna da gona can wajen Jiratawa, cikinta muka yi ma awaki da tumakin baba garke tunda an yanke hatsi, to wallahi cikin wata biyu ɗiyan awaki huɗu muka rasa da ɗan rago guda, kuma ɗiyan awakin duk jajaye ne irin namu na Maradi waɗanda baba ke ji da su. Mutane sun ce dila ne. Na ga wani bidiyo a Facebook turawan Amurka suna harbin wata dabba mai kama da dila cikin gonakinsu da dare, wai koyoti, har da fitila da na'urar da ke kukan zomo tana kiran su. Shine na ce ko ni ma in ari bindigar toka in yi kwanto tunda ai gonarmu ce, wani abokina kuma ya ce in sa ma mushe guba kawai a huta. Wanne ya fi Malam? Daga mai karatu a Jiratawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar da alheri, ka yi ma baba jaje. Na san zafin abin nan, jar akuya ai asusun gida ce, ita ce kuɗin magani ita ce kuɗin taki.

Zancen guba na fara kashewa, don Allah don Annabi kar ka yi. Ina yaro wani maƙwabcinmu a ƙauye ya barbaɗa ma mushen tunkiya guba don kura, da gari ya waye abin da muka iske shine karnukan makiyaya biyu sun sandare, ga angulaye zube ƙarƙashin gawo fuka-fukai a baje wata ma bata ida mutuwa ba tana ta jan ƙafa, kurar kuwa ko sawunta babu a wurin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Guba bata zaɓe, kuma yara na kiwo a wuraren nan. Su kansu Amurkawan a 1972 shugabansu na lokacin Nixon ya taɓa hana gubar kashe irin waɗannan dabbobi a filayen gwamnati saboda ɓarnar da ta yi.

Wannan koyoti da ka gani ɗan uwan dila ne amma a nahiyar Amurka kaɗai yake, ya ɗan ɗara dilanmu girma. Gaskiya ne a jihohi kamar Tekzas ana harbinsa kowane lokaci na shekara, kuma mafarauci sai mai gona ya ba shi izini yake shiga. To amma abin da bidiyo baya nuna maka shine sun fi shekara 100 suna wannan yaƙi, ma'aikatar noma tasu kaɗai na kashe dubun dubatarsu kowace shekara, kuma maimakon ya ƙare sai ma ya bazu, da can a filayen yamma da tsakiyar ƙasar yake yanzu ko cikin birnin Shikago akwai shi. Dalili kuwa in aka kashe na wuri sai abinci ya yalwata ma sauran, matan su yi ta haihuwa, baƙi kuma su shigo su gaje wurin. Masu bincikensu ma sun lura yawanci ba duka ke cin ƴan tumaki ba, miji da mata ne masu rami kusa da garke musamman in suna da ɗiyan da suke ciyarwa. Kenan kana iya harbe biyar ɓarawon na gaske yana kwance yana kallonka. Ba banza aka ce dila malamin daji ba.

Sannan nan Nijar ce. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta hana farautar dare da fitila ko babu fitila, ta hana guba, kuma farauta da bindiga sai da takarda, cewa gonarku ce baya cire ka daga ciki. Ban da doka ma ka dubi halin da ake ciki daga Madarunfa har Gidan Rumji, saurayi da bindiga tsakar dare cikin daji wa zai tsaya tambayarka ko dila kake jira? Ƴan sintiri ko jami'an tsaro su gan ka, Allah ya kiyaye.

Abin da nike so ka fara yi shine ka tabbatar ma dilan ne, don sau da yawa sunansa kawai ake ɓatawa. Ka duba mushen da sassafe kafin iska ta share sawu. Dila a maƙogwaro yake kamu, zaka ga ƴan hudojin haƙori ƙarƙashin muƙamuƙi, sai ya farka ciki ya cinye hanta da kayan ciki, aikinsa tsaf, guda yake ɗauka ya tafi. Karnukan gari kuwa hauka suke, su yayyage cinya da kunne da wutsiya su raunata uku huɗu dare guda kuma ba wani ci suke sosai ba, kuma kusa da gari kamar ku ni su na fi zargi. Kura ƙashi take farfasawa ta ja gangar ta tafi da ita. In ko babu jini babu fata babu komi sai igiya a kwance, to wannan dilan ƙafa biyu gare shi.

Magani na gaske yana wajen kwana. Ɗiyan da basu kai wata uku ba da uwayen da ke gab da haihuwa ka maido su gida cikin darni kafin magariba, wannan kaɗai zai rage maka asara sosai. Sauran ka yi masu shingen ƙaya mai kauri ka cusa ta har ƙasa ba a sama kawai ba, don dila ta ƙasa yake shiga, tono yake. In da hali ragar waya ta kai mita 1 da rabi, ka binne gindinta kamar kamu ɗaya. Mahaifa da mushe ka riƙa binne su da zurfi, warinsu ke kiran shi. Ka sami kare ka raine shi tun yana kwikwiyo cikin garken ya saba da su, ka kai shi wajen likitan dabbobi a yi mai allurar haukan kare. Kuma ga wani abu da makiyayan Amurka ke saye da kuɗi mu yana ɗaure bayan gida, jaki. Jaki baya shiri da duk wani mai kama da kare, kuka da harbi yake bi shi da su. Jaka mace guda za ka sa, namiji mara fiɗiya yakan cije ɗiyan da kansa.

In ka yi duk wannan ɓarna bata tsaya ba, ku je da baba wajen mai gari ya haɗa ku da ma'aikatan gandun daji, su ke da ikon cewa a kashe wanda ya addabe ku, kuma sun san mafarautan da ke iya bin sawu har bakin rami. In an sake kamu ka ɗauko mani hoton wuyan da na sawun, ka aje ashana gefen sawun don in ga girmansa, in sha Allahu zan faɗa maka ko wane ne.