Mai zubin tukunya zai iya yi mana murfin magudana irin na Japan?

Tambaya: Salam Injiniya. 'Yan jari bola sun sace murfin magudanar da ke tsakiyar layinmu, shekaranjiya saura ƙiris wani yaro ya afka. Wani mai zubin tukunya ya ce zai zuba mana sabo mai ado irin na Japan da araha. Dan Allah ya ake yin su, kuma ba matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara tsarewa. Ana sassaƙa zanen ne a katako, a danna shi cikin yashi ya bar gurbi, sai a narka ƙarfe ya kai wajen digiri 1,500 a zuba. In ya huce a fasa yashin a goge, inji ya daidaita gefen don ya zauna daram. Kalolin kuma wani ruwan roba ne ma'aikaci ke tsiyayawa da hannu daga 'yar kwalba, gurbi gurbi, kamar mai zanen lalle. A birnin Naha na Okinawa, can Japan, aka fara yin masu adon a 1977 da zanen kifi.

Toh amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan ta "ai ƙarfe ƙarfe ne", kullum sai na ji ta. Wallahi ba haka ba ne! Na Japan ana sa wa narkakken ƙarfen wani sinadari mai suna magnesiyam kafin zubi, shi ke sa ya jure nauyi, ya ɗan lanƙwasa maimakon ya tsage. Shi kuwa mutuminku gwangwanin lemo zai narka ko tsohon injin mota, cikinsa duk ramukan iska da ido ba ya gani, ka ɗaga ka ji nauyi ka ce ya yi, ranar da tifar yashi ta hau sai ya dare gida biyu ba sallama, mai babur ɗin da ke bayanta shi zai kwana a ciki. Na taɓa ɗaga irin wannan da hannuna, bakin karayar kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ko zanen ma ba kwalliya ce kawai ba, shi ke hana taya santsi da damina.

Ku haɗa kuɗi ku sayi wanda aka buga wa lambar inganci EN 124 D400 a jiki, wato an gwada shi da nauyin tan 40, kuma ku nemi mai makulli don ɓarayi. Takardar ƙorafi ku kai wa hukuma amma kar ku zauna jiranta, yau ɗin nan ku kewaye ramin da duro ko tayoyi kafin magariba.