Sabon Shiga Ya Kusa Kamo Ni A Albashi

Tambaya: Malam, shekara 12 ina aikin rabin wuni a wani sito a Amurka, muna da ƙungiyar ƙwadago. Yanzu sabon shiga ya kusa kamo ni a kuɗin awa. Ina adalci a nan?

Amsa: 'Yar'uwa, kukanki na kan hanya. Idan aka ɗaga kuɗin farawa don a samu ma'aikata, ba a ɗaga na tsofaffi daidai da shi ba, tazarar sai ta tsuke. Dubi yarjejeniyar albashi ta 2023 tsakanin kamfanin jigilar kaya na UPS da ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters: sabon ɗan rabin wuni ya fara da dala 21 a awa, tsofaffi suka samu ƙarin dala 2.75 a awa a shekarar farko, jimillar 7.50 cikin shekaru biyar, ga kuɗin daɗewa a aiki har dala 1.50 a awa. A ganina wannan na ƙarshen ya yi kaɗan ga mai shekaru da yawa.

Ki karanta sashen albashi da na daɗewa a yarjejeniyarku, ki gwada da takardar biyanki. In an saɓa, kai ƙorafi a rubuce ga wakilin ƙungiya da wuri, domin akwai wa'adi. In kuwa haka aka rubuta, manaja ba zai canza ba. Ku haɗa kai ku nemi ƙarin kuɗin daɗewa kafin zaman yarjejeniya mai zuwa.