Abokina makaɗin rok ya rasu a Legas, waƙoƙinsa suna hannuna

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Agege ne. Ina da aminin da muka tashi tare tun makarantar allo, makaɗin jita ne a wata ƙungiyar masu kiɗan rok da ke wasa a kulob-kulob na Ikeja da Surulere. Yana salla, yana azumi. Allah ya yi masa rasuwa bayan doguwar jinya, ya bar mahaifiya da mata da yara biyu ƙanana, namiji da mace. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Da ciwo ya tsananta, ya ba ni kwamfutarsa da lambobin sirrin shafukansa, ya ce in riƙe masa. Yanzu abokan kiɗansa, wasunsu Kiristoci, suna so a yi daren tunawa da shi, a kunna kyandir, a buga waƙoƙinsa, a tara wa iyalinsa kuɗi, a kuma saki waɗanda bai kai ga fitarwa ba. Wani malami a unguwarmu kuma ya ce duk lokacin da aka kunna waƙarsa ana ƙara masa azaba a kabari, addu'ata ba za ta amfane shi ba, in goge komai. Ni kuwa da dare nakan saurari muryarsa in yi ta kuka. Mene ne mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya raya abin da ya bari, ya ba ka haƙuri.

Ɗana, masu cewa a saki waƙoƙin da mai cewa a goge su duk sun ɗauka kwamfutar nan taka ce. Ba taka ba ce. Ajiya ya ba ka, kuma tun da ransa ya fita ta zama haƙƙin magada: mahaifiya tana da sudusi (ɗaya bisa shida), mata tana da sumuni (ɗaya bisa takwas), saura na yaran ne. Ba ƙarfen kaɗai ba, har abin da ke ciki. Majma'ul Fiƙhil Islami, wato majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamansa na Kuwait a 1988, ya tabbatar da cewa haƙƙin abin da mutum ya wallafa ko ya ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 kuma ta bar wa magada haƙƙin waƙa har shekara 70 bayan mutuwar mai ita. Saboda haka ba ka da ikon saki, ba ka da ikon gogewa, sai da sanin masu abin. Ka san abin da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta faɗa kan dukiyar maraya.

Ka tara mahaifiyarsa da matarsa da baffan yaran ko wanda ke tsaye a kansu, da shaidu biyu, a rubuta duk abin da ya bari, ka miƙa lambobin sirrin a gabansu. Kafin rabo, a nemi bashi. Masu wannan sana'a sukan karɓi kuɗin wasa tun kafin ranar wasan, sukan ɗauki kaya bashi, jinya ma ta ci kuɗi. Ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kansa fiye da duk abin da ka ambata.

Sai maganar malamin unguwarku. Ina kyautata masa zaton tsoron Allah yake ji muku, amma ya gauraya gaskiya da kuskure mai nauyi, kuma ba kai kaɗai aka karya wa zuciya da irin wannan magana ba.

Matsayina kan kiɗa ba ɓoyayye ba ne. Ina tare da jumhur, wato mafi yawan malamai, cewa kayan kiɗa irin jita ba su halatta ba, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, kuma sunan kiɗan, rok ne ko kalangu, ba ya canza komai. Amma saɓanin tsoho ne. Ibn Hazm ya halatta a littafinsa Muhalla yana sukar hadisin hana kayan kiɗa da ke cikin Bukhari, Ibnus Salah da wasunsa suka yi masa raddi. Ko a gida ɗaya, Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahin Gwandu ba su haɗu kan magana guda ba game da kayan kiɗa. To, mu ɗauki ra'ayi mafi tsanani. Iyakarsa zunubi ne da bai kai shirka ba, kuma Allah ya ce yana gafarta abin da bai kai shirka ba ga wanda ya so. Musulmi mai salla ana masa wanka, a yi masa salla, a roƙa masa gafara, babu mai jayayya. Risalar nan ma ta ce wanda aka kashe da haddi ana sallatarsa. Sallar jana'iza kuwa addu'a ce tsantsa. In addu'a ba ta amfanar mai zunubi, wa aka shar'anta ta dominsa?

Abin da masu wannan magana ke riƙo da shi hadisi ne ingantacce a Sahihu Muslim: wanda ya assasa mummunar hanya yana da zunubinta da na waɗanda suka bi ta. Ba mu musanta shi. Shi ya sa nake jin tsoro ga duk mai waƙar da ke kiran mutane zuwa giya da alfasha, ya yaɗa ta, ya mutu bai tuba ba. Amma tuba tana yanke wannan, kuma wa ya san abin da ya gudana tsakanin abokinka da Ubangijinsa a watannin da ya yi a kwance? Hadisin ya kafa ƙa'ida ne, bai buɗe wa kowa kabarin wane ba. Dubi yadda magabata suka yi da hadisin da ya ce ana azabtar da mamaci saboda kukan danginsa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta karanto ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Imamul Bukhari ya ɗaure hadisin da sharaɗin cewa kururuwar al'adarsa ce tun yana raye, mafi yawan malamai kuma suka ce sai in shi ya yi wasiyya da ita. Abin da mutane suka yi bayansa, bai sa su ba, bai yarda ba, ba a ɗora masa. Waƙoƙin da bai fitar ba kuwa, in an fitar da su, nauyin yana kan wanda ya fitar.

Akwai abin da ya kamata ya girgiza duk mai saurin yanke wa mamaci hukunci. A hadisin Jundub, wani ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, Allah ya gafarta wa wanen, ya ɓata aikin mai rantsuwar. Akwai kuma sahabin da ake kawowa ana masa bulala saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Giya ce fa, wadda babu saɓani kan haramcinta. Don haka ka ci gaba da yi masa addu'a a sujadarka, ka yi masa sadaka gwargwadon hali. Kada ka je ka yi faɗa da malamin, ka kai masa wannan bayani cikin ladabi, ko ka yi shiru.

Game da waƙoƙin, shawarar da za ka ba magada ita ce a tantance. Duk wadda ke ɗauke da batsa ko yabon shaye-shaye a sauke ta daga YouTube da Audiomack da sauran inda take, domin shari'a ba ta ba irinta ƙima ba, kuma sauke ta gata ne ga marigayi. Masu tsabtar baiti, ni ba na ba da fatawar a sake su da kiɗa, amma ba na cewa a hallaka su. A ajiye baitukan da muryarsa, yaran nan za su girma su nemi sanin ubansu. In magada sun zaɓi bin ra'ayin masu halattawa, ka yi nasiha ka tsaya, ba abin yanke zumunci ba ne. Kuɗin da ya riga ya taru a shafukan na magada ne su ci. Ko malaman da ke ganin kuɗin kiɗa ba tsarkakakke ba ne cewa suke a ba mabuƙata, yaran kuwa marayu ne mabuƙata.

Daren tunawa a kulob, da giya da cakuɗa, bai halatta ka shirya ko ka halarta ba, jerin gwanon kyandir kuma ba namu ba ne. Amma ka kula da yadda za ka faɗa musu. Mutanen nan ƙauna ce ta kawo su, ba su san hanyar karrama mamaci ba sai wannan. Ka gode musu, ka ce abin da iyalin ke buƙata shi ne kuɗin haya, wanda masu gida a Legas ke karɓa na shekara a dunƙule, da kuɗin makarantar yara. Kowa ya tura abin da zai iya kai tsaye cikin asusun uwar yaran da sanin baffansu. Kyautar wanda ba Musulmi ba karɓaɓɓiya ce, Annabi (SAW) ya karɓi ta Muƙauƙis na Masar. In sun yi taronsu ba da kai ba suka kawo abin da suka tara, a karɓa wa marayu, kada a mayar.

Lasifika da na'urar haɗa sauti da janareto, in ya bar su, halal ne a sayar, a kasuwar Alaba ko ta Computer Village, ko a riƙa ba da hayarsu ga masallatai da Islamiyyu lokacin walimar sauka, abin ya zama wa yaran hanyar samun kuɗi. Jitar ce ke da magana: Malikiyya ba sa halatta sayar da ita, Abu Hanifa yana ganin cinikin ya ƙullu tare da karhanci. Waliyyin yaran ne zai zaɓa. Kai dai kada ka fasa ta.

Saura kai. Kuka ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Amma zaman dare da waƙoƙin nan yana tsawaita maka ciwo, kuma ina jin tsoron ya cinye maka asuba. In kewa ta taso, ka saurari saƙonnin muryar da ya bar maka a waya, ka ziyarci kabarinsa da rana, ka yi masa sallama da addu'a. In kai ma kana bin sa kulob a da, lokacin dainawa ya yi. Kada ka buɗe hotuna da saƙonninsa na sirri da ke cikin kwamfutar, in kuma idonka ya riga ya faɗa kan wani abu, ka rufa masa asiri har abada, ko matarsa kada ta ji daga bakinka. Ita kuma tana takaba wata 4 da kwana 10. Kada ka keɓe da ita da sunan taimako, ka riƙa aikawa ta hannun matarka ko mahaifiyar marigayin, domin bakin mutane ba ya barin bazawara.

Wallahu a'alam.